Takardar Kosi

Yanzu a Zango ba ka yin taku goma ba ka ci karo da saurayi sanye da rigar ƙwallon kwando ba, irin mai yankakken hannu, da sunan wani ƙaton Amurka a gadon bayansa. Rabinsu ba su taɓa jefa ƙwallo a raga ba, a kan babur suke wuni suna haya, amma tambaye su tarihin mai sunan, za su zayyana maka har lambar takalminsa. Ka ce musu a unguwar nan aka haifi mutumin da Lome gaba ɗaya ta taɓa miƙewa tsaye saboda shi, sai su yi maka kallon tsohon da ya fara ruɗewa. Ba na ganin laifinsu sosai. Mu muka ɓoye shi da hannunmu. Mutumin nan yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma abu guda na so kafin in mutu: in ji an faɗi sunansa na gaskiya a gaban jama'a, sunan da aka raɗa masa ranar da aka yanka rago.

Tsohon Zango nake nufi, na tsakiyar gari, tun kafin a kwashe mu da tarkacenmu a zube a bakin gari. A can idan ka farka da asuba, abin da kunnenka zai fara kamawa shi ne gurnanin teku, sannan muryar ladan da ba shi da lasifika sai maƙogwaron da Allah ya ba shi, sannan jiniyar jirgin ƙasa mai gangarawa bakin ruwa. Kafin rana ta fito mata sun jera bokitai a famfo, suna faɗa da Hausa suna shiryawa da yaren Mina. Mahaifinmu fataucin goro yake yi, don haka aikinmu na safe ba ya canzawa. A kwance huhu, a tsince wanda ƙwaro ya taɓa, a sauya ganye, a yayyafa ruwa, a sake ɗaurewa. Hannuwanmu kullum jawur. Yaran yanzu ko ƙanshin ganyen goro ba su sani ba, a leda suke ganinsa ranar ɗaurin aure. Baba mutum ne mai ƙarancin magana, kuma 'yar wadda yake yi ba ta da zaƙi. Tun Yaya yana ɗan shekara goma sha uku ƙofar zaure ta yi masa gajarta, kuma duk lokacin da ya sunkuya zai shiga sai Baba ya ce, "Tsawo dai ba sana'a ba ne." Ya faɗa har muka haddace, muna riga shi ƙarasawa a zuci.

Mma, mahaifiyarmu, ita ta dage sai Yaya ya shiga boko. A wancan zamani ɗan Zango ba shi da takardar haihuwa. An haife ka a ɗaki, ungozoma ta yanke cibiya, ranar bakwai an yanka rago, liman ya yi addu'a, magana ta ƙare. Wa zai je ofishin Nasara ya rubuta jariri? Makarantar mishan kuwa ba ta karɓar yaro sai da takarda. Dabarar da kowa ya sani ita ce aro. A bayan gidanmu akwai wata 'yar Ewe mai sayar da kyafaffen kifi, Da Afi, ƙawar Mma ce ta ƙut da ƙut. Ta taɓa haihuwar ɗa namiji, an rubuta shi, ya rasu kafin ya yi rarrafe, ba a koma an soke shi ba. Wata rana da hantsi ta shigo da takardar a naɗe cikin ƙyalle, ta ɗora a cinyar Mma, ta ce nata ya tafi, bari na ƙawarta ya yi karatu da ita. Su biyun suka zauna suna kuka. Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Cewa ya yi tunda ba sunansa za a rubuta a littafin Nasara ba, su suka sani. A ganinsa ma ya tsallake rijiya ne. Daga ranar Yaya ya zama mutum biyu. A gida yana amsa sunansa na yanka, da ya tsallake layin dogo kuma ya zama Kosi, da sunan gidan mijin Da Afi a liƙe. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Da za a ce yau kowa a Zango ya mayar da takardar aro, masallatai da yawa za su rasa sahun gaba.

A kwaleji ne wani Fada mai jan gemu ya ga Yaya ya miƙa hannu ya sauko da ƙwallon da ta maƙale a rufin aji ba tare da ya taka komai ba. Ranar ya ja shi fili. Mu a lokacin ƙwallon ƙafa kawai muka sani, wannan ta jefawa a kwando dariya take ba mu. Yaya ya ɗauki wani tsohon kwandon goro da gindinsa ya zube, ya kafa shi da ƙusa a jikin darbejiyar bayan gida. Bayan an gama aikin goro, bayan ya ɗebo wa Mma ruwa, sai ka ji dum, dum, dum a kan ƙasa mai tauri har kiran magariba. Ni ke tsayawa a ƙarƙashi ina mayar masa da ƙwallon. Yana da wata jifa tasa da muke kira ƙugiya. Ya juya wa kwandon gefe kamar bai damu da shi ba, ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya lanƙwaso hannu ta saman kansa, ƙwallon ta tafi a hankali ta faɗa ciki ba ta taɓa baki ba. Na ga ƙattai uku sun kewaye shi suna tsalle, ba wanda ya taɓa ko inuwarta. Yanzu a talabijin sai su kama ƙarfen su yi lilo, su buga ƙirji, su yi wa kyamara gwalo. Yaya idan ya ci, goge tafin hannu yake yi a wando ya koma baya da gudu, kai a ƙasa, kamar wanda ya yi laifi.

Cikin 'yan shekaru sunansa ya cika gari, ina nufin sunan Kosi. 'Yan kwalejin Accra sun zo sun koma da kunya, na Kwatano ma haka. 'Yan mata daga unguwar Nyékonakpoè suna tako ƙasa har filin don su gan shi. Jarida ta buga hotonsa yana sama, ƙafafu biyu ba sa ƙasa. A Zango kuwa abin kunya ne. Ƙato balagagge da gajeren wando, cinyoyi a waje, yana tsalle gaban mata. Wani dattijo ya kawo jaridar har ƙofar masallaci ya shimfiɗa wa Baba, ya ce, "Malam, ga ɗanka nan an buga shi tsirara." Baba ya duba, ya ce, "Karanta sunan da ke ƙasan hoton." Dattijon bai iya karatun Nasara ba, aka kira wani ya karanta. Baba ya ce, "To, ka ji," ya ci gaba da alwalarsa. A gida kuwa an hana ambaton ƙwallo. Yaya a jakar makaranta yake ɓoye gajeren wandon, Mma ta wanke ta shanya a cikin ɗaki, a bayan ƙyaure.

Ranar wasan ƙarshe na kofin kwalejoji, bayan azahar, Baba ya kira ni ya ce in ɗauko masa laima in raka shi kasuwa. Muka fito. Da muka kai layin dogo, maimakon ya juya hanyar kasuwa sai ya tsallake. Na bi bayansa. Muka tsaya can baya jikin shinge, shi da babbar rigarsa da rawani a cikin ɗaliban da suke ta ihu da buga gwangwani. Wasan ya yi zafi, ɗaya ɓangaren sun zo da wani ƙato da aikinsa kawai ya sa wa Yaya gwiwar hannu a haƙarƙari. Saura kaɗan a tashi ana gaba da su Yaya da ɗaya. Aka ba Yaya ƙwallon a gefe. Ya juya, ya ɗaga ƙafa, ya lanƙwaso hannu. Lokacin na ji yatsun Baba sun nutse a kafaɗata, kwana biyu wurin yana mini ciwo. Ƙwallon ta shiga. Na ɗaga kai na ga bakin mahaifina a buɗe, idanunsa sun cika, abin da ban taɓa gani ba ko ranar da aka binne mahaifiyarsa.

Sai filin ya ɗauka gaba ɗaya, "Kosi! Kosi! Kosi!" Suka ɗaga shi sama a kafaɗu. Baba ya sunkuyo ya ce, "Wa suke kira?" Na ce, "Yaya ne, Baba." Ya ce, "Na ga yayanka ne. Na ce wa suke kira?" Daga nan babban baƙon da zai miƙa kofi ya ce a kira uban yaron a ɗauki hoto tare. Ya duba takardar hannunsa ya kira suna, aka tura mijin Da Afi gaba. Kafinta ne, ɗan guntun mutum mai kirki, kansa bai wuce ƙirjin Yaya ba. Jama'a suka fashe da dariya suna tambayar ina yaron ya samo tsawo. Bawan Allah ya tsaya yana murza hula, yana waige-waige, don ya san wanda ya kamata ya tsaya a wurin. Baba ya kalli abin har aka gama. Sannan ya saki kafaɗata ya ce, "Mu je, la'asar za ta wuce." Har gida bai buɗe laimar ba, ga rana tana dukanmu.

Bayan 'yan makonni Fada mai jan gemu ya zo da albishir, an samar wa Yaya gurbin karatu a Faransa, zai yi karatu yana buga ƙwallo. Na tuna yadda ya shigo gida da wasiƙar, ya manta bai sunkuya ba, goshinsa ya bugi ƙofar zaure. Baba ya saurara har ƙarshe yana tsince goro. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Cewa ya yi, "Idan ka haye teku da wannan suna, ajali ya same ka a can, wa zai yi maka wanka? Za su duba takarda su ga Kosi, su sa ka a akwati, su kai ka coci. Ni a nan ko labari ba zan ji ba, don ba ni za a rubuto wa ba." Yaya ya tsaya da wasiƙar a hannu. Ni dai shekara da shekaru ina neman amsar tambayar nan ban samu ba. Washegari ya mayar wa Fada takardunsa. Da yamma ya ɗauko guduma ya cire kwandon daga jikin darbejiya, Mma ta hura wuta da shi.

Sauran rayuwarsa a kan benci ya yi ta, a bakin gidan waya, da tebur da alƙalami, yana rubuta wa mutane wasiƙu da cike musu takardun hukuma. Ƙafafunsa ba sa shiga ƙarƙashin teburin, sai dai ya miƙe su gefe masu wucewa su riƙa tsallakewa. Jefi-jefi wani tsohon ɗan kwaleji zai tsaya da mota ya ce, "Kosi, kai ne nan?" Ya yi murmushi ya tambaye shi iyali. Ya yi aure, ya haifi 'ya ɗaya, aka sa mata sunan Mma, muke kiranta Uwani. Da za a rubuta ta a ofis, dole da sunan gidan da ke takardar ubanta aka rubuta. Bai taɓa ba ta labarin ƙwallo ba, ni na ba ta. Da ya rasu Zango ta yi masa wanka da salla, aka kai shi makwancinsa, a wannan kam Baba ya samu abin da ya so. Amma takardar rasuwar da aka ba mu, Kosi ne a jiki. Wato yaron Da Afi sau biyu ya mutu, yayana kuwa a wurin hukuma ko haihuwarsa ba a yi ba.

Watannin baya wani mutum mai furfura da jakar hannu ya yi ta tambaya har ya samo ni. Ya ce daga ƙungiyar tsofaffin ɗaliban kwalejin yake. Sun gina sabon filin ƙwallon kwando mai rufi, za su sa masa sunan gwarzonsu, sun gayyaci 'yarsa, kuma an ce musu ni na rage cikin waɗanda suka ga wasansa da ido. Suna so in yi 'yan kalmomi. Wallahi kwana uku ina jin kaina kamar ɗan shekara ashirin. Na kai babbar rigata wurin mai guga. Na zauna na tsara abin da zan faɗa da guntun Faransancina. Zan ce wannan da kuke kira Kosi ɗan Zango ne, Musulmi, ɗan mai goro, sunansa wane ɗan wane, kuma ku rubuta shi a jikin bangon ko da da ƙananan baƙaƙe ne. Na yi kuskure ɗaya, na karanta wa wani abokina a masallaci, kafin la'asar zance ya isa Adidogomé, gidan Uwani.

Da safe ta zo da koko da ƙosai, ta durƙusa ta gaishe ni, ta zauna a bakin tabarma. Ita ma yanzu furfura ta fara leƙowa ta gefen mayafi.

Ta ce, "Baba Ƙarami, an ce za ka yi magana."

Na ce, "Zan yi. Shekara nawa ina jira."

Ta ce, "Ka san nashonalite tawa, takardar zama 'yar ƙasa, a kan takardar babana take. Ta yarana kuma a kan tawa, tunda ubansu ba shi da komai sai katin masallaci. Babban ɗana ya ci konkur, jarrabawar shiga aikin gwamnati, dosiye nasa na takardu yana hannunsu, ana bincike. Ranar nan akwai manya, akwai 'yan jarida. Kalma ɗaya, Baba, su ce takardar ƙarya ce. Mu duka mu zama baƙi a garin da aka binne cibiyarmu."

Raina ya ɓaci. Na ce mata ubanta ne fa, ba wani ba. Na ce ya bar Faransa don kada a binne shi da sunan aro, yanzu za a kafe shi a bango da siminti da sunan nan, 'yarsa tana zaune tana tafi.

Ta ce, "Shi ya riga ya kwanta, Baba. Mu ne a tsaye." Ta share ido da bakin mayafi ta ƙara da cewa, "Ba ni na aro takardar ba. Na tarar da ita ne."

Ban yi mata alkawarin komai ba. Kokon ya huce a kwano ban taɓa ba. Na ji haushinta, na ji haushin Baba a kabarinsa, har Mma da Da Afi da suka yi abin don alheri sai da na ji haushinsu, Allah ya yafe mini. Na fi jin haushin garin da ka haifu a cikinsa, ubanka ya tsufa a cikinsa, amma sai ka ari sunan mamaci kafin ya yarda kai mutum ne.

Ranar bikin na sa rigata, takardata tana aljihu. Filin ya yi kyau, ƙasan katako ne mai sheƙi, Yaya da ya saba da tsakuwa da ya ji tsoron takawa. An ja wani ƙyalle, sai ga hotonsa ƙato a bango yana sama, hannu a lanƙwashe, a ƙasa an rubuta sunan da manyan baƙaƙe. Uwani tana sahun gaba da 'ya'yanta, babban ya sa kwat, yana ta gyara wuyan riga. Aka yi jawabai. Wani ya ce marigayin abin alfaharin ƙabilarsa ne, aka tafa. Sannan aka riƙo hannuna aka hau da ni, aka ba ni abin magana. Na ba su labarin ƙugiya, na gwada musu da wannan hannun nawa, yara suka yi dariya suka yi tafi. Na sa hannu a aljihu na taɓa takardar.

Mai gabatarwa ya matso da murmushi ya tambaye ni da Faransanci, "Papa, kai mene ne naka da shi?"

Na dubi sahun gaba. Uwani ba ta kalle ni ba, ƙasa take kallo, leɓunanta suna motsi. Ɗanta kuwa ni yake kallo kai tsaye, ya daina gyara rigar. Tsawon kakansa ya ɗauko, gwiwoyinsa sun tokare kujerar da ke gabansa.

Na ce, "Voisin." Maƙwabci.

Suka tafa mini sosai. Wani ya rataya mini kyautar riga mai yankakken hannu, aka riƙe ni aka sauko da ni a hankali, kamar yadda ake yi wa tsohon da ya yi abin kirki. A bakin ƙofa Uwani ta kama hannuna da hannu biyu za ta yi magana, na ce mata ta bari.

Yaron ya samu aikin, an kawo mini goro da albishir, na sa albarka, kuma da zuciya ɗaya na sa. Takardar jawabin na ƙona ta da kaina. Wannan ma da nake rubutawa sai da Uwani ta karanta layi bayan layi kafin ta yarda ya fita daga ɗakina. Kosi sun fi a ƙirga a Lome, ba wanda zai gane. Wuri uku na rubuta sunan yayana, ta miƙo mini alƙalami, na soke su da hannuna.